Ba Na Iya Karɓar Gurasa Daga Hannun Ƙanena

Mama mai shawara, don Allah ki taimake ni, abin ya kai ni maƙura. Ni kafinta ne, na haura shekara hamsin, kuma a ikkilisiyarmu na tashi. Bencin da jama'a suke zama a kai ma yawancinsu ni na buga su. Ga ni nan na fara da yabon kai tun ban ce komai ba, to ai ciwon ke nan.

Ina da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya. Bayan rasuwar mahaifinmu ni na riƙe shi, ni na koya masa addu'ar cin abinci ma. Da ya girma sai ya faɗa shan giya, ya yi shekaru ba a san inda yake kwana ba. A cikin wannan halin Inna ta kwanta ciwo. Ni da matata muka yi jinyarta, mu juya ta, mu wanke ta. Amma ranar da za ta cika, sunansa take ta kira, tana duban ƙofa. Ina riƙe da hannunta, ni ko kallona ba ta yi ba. Shi kuwa ko wurin binne ta bai zo ba.

Daga baya ya tuba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, tuban gaske ne. Ya zo shagona ya durƙusa cikin garin katako yana kuka, na ce ya tashi, komai ya wuce. Da baki kawai na faɗa. Bara aka yi zaɓen dattawan ikkilisiya, sunana da nasa duk suna ciki, jama'a suka zaɓe shi suka bar ni. Har tafi na yi, amma ranar ko abinci ban iya ci ba.

A wurinmu dattawa ne suke raba Jibin Ubangiji, wato gurasar da ake ci a sujada don tunawa da Almasihu, kowa da ɓangaren da yake bi da faranti, benci bayan benci. Tun da aka naɗa shi, duk ranar Jibi sai in leƙa in ga gefen da ya tsaya, in zauna a ɗaya gefen. Ran nan dattawan suka yi musanyar ɓangare ana tsakiyar waƙa, na tashi na ƙetare, na ce wa matata iskar fanka ce ta dame ni. Ta dube ni kawai ta sunkuyar da kai. Kai, na ji kunya ranar!

Yanzu ga autata an yi mata baftisma, Lahadi mai zuwa za ta ci Jibi karo na farko. Sababbin da aka yi wa baftisma a bencin gaba suke zama da iyayensu, kuma an riga an sanar ƙanena ne zai ba su. Yarinyar sai murna take, wai babanta a gefenta, baffanta a gabanta. Ni kuwa har na fara tunanin in yi ƙarya in ce zazzaɓi ya kama ni. In na je na karɓa da wannan zuciyar, ina tsoron Allah. In na ƙi zuwa, me zan gaya wa 'yata? Ina jin haushinsa, ina kishinsa, kuma na gaji.

Daga wani babban wa

Ɗan'uwana cikin Ubangiji, na gode da ka kira ciwon da sunansa. Ba zan ce maka ba a yi maka komai ba. Jinyar uwa ba wasa ba ce, kuma rashin zuwansa binne ta laifi ne babba. Sai dai ka duba da kyau, rabin haushin nan ba nasa ba ne. Innarka kake jin zafinta, tun da kuwa ba ta nan, sai ka ɗora masa. A ganina ba don ta fi sonsa ta kira shi ba. Kai kana riƙe da hannunta, hankalinta a kwance yake da kai. Wanda ba ta san inda yake ba shi take nema.

Zaɓe kuma ba lada ba ne da ake biyan wanda ya fi daɗewa. Jama'a sun ga aikin Allah a jikin mutumin da aka fid da rai da shi, kuma wanda ya fara koya masa addu'a kai ne. Shi ma kada ka ɗauka bai gani ba. Mai riƙe da faranti yana fuskantar jama'a, ya ga lokacin da ka ƙetare, ya ci gaba da rabo da wannan nauyin a ransa.

Maganar zazzaɓi ka bar ta tun yau. Kafin Lahadi ka taka ka je gidansa, kada ka aika a kira maka shi shago. Ka gaya masa abin da ka ɓoye ranar da ya durƙusa: yadda Inna ta cika, da yadda ka ce ya wuce alhali bai wuce ba. Kada ka jira sai ka ji daɗinsa a zuciya, wannan yakan zo a hankali. Ku yi addu'a tare. In kana ganin ba za ka iya kai kaɗai ba, ka tafi da fasto ko matarka, ita ai ta daɗe da sani.

Ran Lahadi kuma ka zauna kusa da 'yarka. Teburin Jibi ba na ƙanenka ba ne, ba naka ba ne, na Almasihu ne, kuma babu wanda ya taɓa zuwa wurin don ya isa. Yarinyar ba ta san yadda ake karɓa ba tukuna, hannunka za ta kalla ta yi yadda ka yi. In farantin ya iso gabanka, ka buɗe tafinka.

Allah ya sassauta maka, ya yi wa autarka albarka, ya haɗa kanku kai da ƙanenka.