Inna Rahila Tana Jiran Jibin Ubangiji

Zuwa ga Fasto Yohanna, ƙanena,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya a can inda ka tafi hutun nazari. Tunda a fili kake rubuta tunaninka kowa na karantawa a waya, ni ma a fili zan yi maka magana.

"Yaya, ba zan kai Ista a waje ba, kuma duk wanda ya kwanta ciwo, da hannuna zan kai masa Jibin Ubangiji." Haka ka ce mini a tashar Adjamé, ƙafarka ɗaya a cikin mota. Ista ta zo ta wuce. Kai kuma ka ƙara wa hutunka wa'adi, a wajen mutane ma na ji.

Duk abin da ka rubuta na karanta. Ka ce ikilisiya ta koma gini da kwamiti da hatimi. Ka ce aikin bishara ya fara mutuwa ranar da muka buɗe masa ofis. Ka ce masu bi na farko a gidajensu suke kakkarya gurasa, ba wanda ya tambaye su wa ya naɗa su. Har na ce yau kam ƙanena ya faɗi gaskiya.

To, ga inda kaina ya kulle.

Inna Rahila, tsohuwar da ke zama a bencin gaba tun kafin a haife ka, tana kwance a unguwar Treichville, gidan ɗanta Alhaji Sani. Ta daina cin abinci. Alhajin ya rufe shagonsa, ya zo har ƙofar majami'a, ya ce tsohuwarsa tana roƙon burodin nan da muke ci ran Lahadi. Shi Musulmi ne, bai san yadda ake yi ba, amma a zo, zai shimfiɗa tabarma ya ba mu wuri.

Faston da aka aro mana ya je. Mutumin kirki ne, sai dai Faransanci kaɗai yake ji. Inna ta juya fuska bango, ta ce da Hausa ta ba da gaskiya, da Hausa za ta karɓa.

Na sami dattawa na ce ni zan kai. Suka ce sai wanda aka naɗa. Na karanta musu rubutunka. Dattijo Bitrus ya bari na gama tsaf, sannan ya tuna mini cewa kai ka kafa wannan doka, kuma ranar da za ka tafi ka sake ja musu kunne.

Wanne ne kai? Mai rubutun ko mai dokar? Idan dokar ce daidai, me ya sa kake zaginta daga nesa? Idan rubutun ne, don me ka bar mu ɗaure da ita? Ko kuwa maganar ta masu karatu ce kawai, ba a yi ta don a kai ta ɗakin mara lafiya ba? Ba gatse nake yi ba, ban sani ba ne. Na kwana biyu ina juya ta, har addu'ata ta rikice.

Auta, kana ƙarami a gidanmu na unguwar Saint-Michel kakan jera yaran tsakar gida, namu da na maƙwabta, ka gutsura musu burodin karin kumallonka ɗaya bayan ɗaya, kana kwaikwayon fasto. Mama takan ce a bar ka, ba ka hana kowa ba. Wannan yaron nake nema.

Na ba ka zuwa Lahadi mai zuwa. Ko ka zo, ko ka kira dattawa ka warware abin da ka ɗaure. In ba haka ba, ana tashi daga sujada zan sayi burodi a kasuwar Roxy, in ɗura bisap, wato zoɓo, a kwalba, in haye gada zuwa Treichville, in durƙusa a tabarmar Alhaji in ba ta da Hausa. Su sauke ni daga shugabancin zumuntar mata in sun so.

Ubangiji ya dawo da kai lafiya, ya riƙe numfashin Inna zuwa ranar, in kuma kuskure zan yi, ya ɗora shi a kaina ni kaɗai.

Yayarka,
Saratu