Ba Zan Ajiye Yarana a Benci Ba

Malam Mai Shawara, ka taimake ni, don ina gab da ɓatawa da yayan matata a kan ƙwallo. Jaridarku takan iso mana nan Makka ta hannun matafiya, shi ya sa na rubuto.

Ni direban tasi ne a unguwar Hindawiyya. A Sudan na koyi ƙwallo, lokacin da muka yi shekara huɗu a can a hanyarmu ta zuwa. Yau shekara biyu ina horar da samarin unguwarmu, 'yan shekara sha biyar zuwa sha bakwai, a wani fili mai tsakuwa bayan garejin motoci. Hausarsu ma rabi Larabci ce, amma sun iya jin magana. Bana mun buga wasa tara, an ci mu bakwai. Ban ɓoye ba. Kowa nakan sa shi ya buga, har wanda bai iya tsayar da ƙwallo ba, domin a zaune babu mai koyo.

Alhaji Mahmudu, yayan matata Baraka, shi ne shugaban ƙungiyar, shi ya ɗinka mana riguna. Bayan sallar layya za mu kara da ƙungiyar unguwar Rusaifa, sai ya ce zai kawo ƙarti uku daga Jidda, masu gemu, a rubuta su a matsayin 'yan unguwa. Ya ce ya gaji da dariyar da ake masa a wurin shan shayi. Wanda za a fara cirewa Awwalu ne, golanmu. Gaskiya 'yan unguwar Tandabawi sun zura masa biyar a watan jiya. Amma da na same shi tsoron ƙwallo yake, yanzu kuwa yana faɗawa kan tsakuwa har gwiwarsa ta fashe.

Na ce masa ba zan yi ba, a gaban mutane na faɗa. Ya ce to in ajiye usur. Baraka ta kwana uku ba ta je gidansu ba don kunya. Malam, ko Rusaifa za su ci mu goma, yarana ne za su buga. In na yi kuskure faɗa mini, amma ba na jin zan sauya.

Direba Mai Usur, Hindawiyya.

AMSA

Ɗan'uwa, a kan ƙartin Jidda ina bayanka, kada ka matsa ko taku ɗaya. Rubuta baƙo a matsayin ɗan unguwa ƙarya ce, kuma samarin za su gane cewa ranar da wasa ya yi muhimmanci ba a yarda da su ba.

Amma kai ma da naka. Bakwai cikin tara ba Alhaji kaɗai yake yi wa ciwo ba. Ka taɓa tambayar Awwalu yadda yake ji in ya koma gida da biyar a raga? Yaron da bai taɓa ɗanɗana nasara ba, wata rana sai ka neme shi a fili ka rasa. Ranar Rusaifa ka fara da gwanayenka goma sha ɗaya, ka shirya su don su ci. Sauran ka ba su wasannin da ke tafe, ka kuma gaya musu haka tun yanzu.

Sannan ka kunyata babba a bainar jama'a. Ka je gidansa kai kaɗai, ka ba shi haƙuri a kan yadda ka faɗa, ba a kan abin da ka faɗa ba. Ka roƙe shi ya kawo mutanen Jidda su yi wa yaran atisaye mako biyu, musamman gola. Ya samu nasa girman, kai ka samu malamai.

In ya ƙi, ka miƙa masa rigunansa cikin mutunci, ka ci gaba da fita fili da yamma. Ka raka Baraka gidansu da kanka, rigimar ba tata ba ce.

Allah ya daidaita ku, ya ba samarin Hindawiyya sa'a.