Ƙirjina Ya Fi Bargo

Litinin, 5 ga Agusta
An sallamo matata Nusaiba da jaririnmu daga asibiti, mun dawo garinmu Ƙofa. Kamar kowa, na ɗauka bakwaini bargo yake so da kaskon wuta. Nas ta ce a'a, ɗumin jikin mutum ne maganinsa: fata da fata, a ƙirji, kada a bari ya huce. Ɗan nawa bai fi tafin hannuna biyu ba.

Laraba, 7 ga Agusta
Ruwa tun safe. Nusaiba ta fita wankan jego, Gwaggo Tani da ke yi mata wankan ta kwantar da jaririn cikin tsumma. Na taɓa ƙafarsa, sanyi ƙalau, ko motsi ba ya yi sosai. Ban yi shawara da kowa ba. Na tuɓe riga, na ɗora shi, na ɗaure da zanin Nusaiba. Gwaggo ta leƙo ta yi salati. "Uzairu, ɗan fari ne fa! Ina kunyar?" Na ce, "Gwaggo, bari ya yi ɗumi tukuna, sai na ji ta."

Juma'a, 9 ga Agusta
Wanka safe da yamma, goyo nawa ne. Allah Ya sa ana hutun makaranta.

Talata, 13 ga Agusta
Labari ya kai majalisa. Malam Sabo, abokin koyarwata, ya ce, "Maijego, an kawo maka kunun kanwar?" Na yi dariya, amma ta ɗan sosa ni. Ni ma ɗan farin Baba ne, har yau bai taɓa kiran sunana ba, sai "kai wannan".

Alhamis, 22 ga Agusta
Awo. Ya ƙaru! Nas ta tambayi wa ke taya uwar, Nusaiba ta nuna ni da haɓa. Duk ɗaliban da na yaye, babu sakamakon da ya yi min daɗi haka.

Lahadi, 25 ga Agusta
Baba ya shigo ina goye. Da can da na fice. Yau na zauna, har na ji bakina ya ce, "Uwais, ga kakanka." Suɓutar baki ce, ina jin.
Ya daɗe yana kallon ɗan kan da ya leƙo daga zanin. "Ba ya zamewa?"
"Ba ya zamewa, Baba. Ko za ka gwada?"
Ya dubi ƙofa, ya ga Gwaggo ba ta nan. Ya fara ɓalle maɓallin rigarsa.