Mai Karɓar Haraji Ne Yake Ciyar da Mu

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar ta zo ta same ni. Kaina ya kulle, kuma ba magana ce da zan kai wa 'yan uwana ba, don sai sun gama dariya kafin su tuna da tausayi.

Maigidana yana da shagon fenti da kayan gyaran gida, ni kuma ina ɗinkin labule da zanen gado a cikin gida. Alhamdu lillahi muna da rufin asiri, har da ɗan abin da ya fi rufin asirin. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba, sai dai in lokacin cike takardun haraji ya zo. Daga nan gidan ba ya zaunuwa. Teburin cin abinci yakan cika da takardun rasit, mu koma ci a ƙasa. Rasit ɗin nan kuwa ko'ina ajiye shi yake yi: aljihun wando, tsohon gwangwanin fenti, ƙarƙashin kujerar mota. Kuɗin shago da na cefane aljihu ɗaya suke kwana, ya sayi kwalin burushi da takalmin makarantar yara a tafiya ɗaya, sannan ya zo ya tsare ni da tambayar me na saya a watan da ni kaina na manta an yi shi. Bara na wanke masa wando da wani rasit a ciki, ya ɗauko dutsen guga wai zai busar da shi, takardar ta koma baƙa ƙirin. Sai da ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata, kamar ni na riƙe dutsen.

Duk wannan na saba. Abin da ya jawo mana masifa wata ɗabi'a ce ta 'yan layin shagunansu. Kowannensu yana da abin da suke kira rigar haraji, wato rigar da ake sawa in za a je ofishin haraji. Tasa wata tsohuwa ce da wuyanta ya cinye, duk ɗigon fenti, tana rataye bayan ƙofa, kuma ya hana ni wanke ta balle in ɗinke. Yakan bar aski tun da sauran lokaci. Ranar zuwa sai ya ajiye mota can bayan gidan mai, ya taka a rana don ya isa da gumi. Rabin kayan shagon kuma a kwaso su a jibge a ɗakin yara, su riƙa kwana tsakanin bokitan fenti har sai an zo an duba shago an tafi.

To bana sai aka haɗa shi da wani sabon jami'i, dattijo siriri mai sanyin murya. Ban san me ya hau kan maigidan nan ba, ya zuba abin har ya wuce gona da iri. Ya ce kasuwa ta mutu, yara sau ɗaya suke ci a rana, matarsa kuma tana kwance da ciwon baya. Ni ke nan, Anti! Ni da nake yini a kan keken ɗinki! Mutumin ya zo shago, ya ga kantoci wayam, ya rubuta masa mafi ƙarancin abin da ake biya. Ranar maigidana da rawa ya shigo gida.

Ba a jima ba sai ga dattijon ya dawo shago da leda, shinkafa da man girki, wai a kai wa yara. Ƙarshen wata ya sake kawowa. Sai takalman ɗansa da suka yi masa kaɗan, wai a ba autanmu. Sai man shafawa na ciwon baya, nawa. Yanzu hanyarsa ta komawa gida ta gaban shagon yake bi, kowane lokaci yana iya leƙowa, don haka kayan suna nan a ɗakin yara, shago ya zauna rabi babu kaya. Masu saye suna ganin mun karye, sun koma wurin maƙwabcinsa. Rigar da ake sawa sau ɗaya a shekara ta zama ta kullum. Wallahi cinikin da muka rasa ya ninka harajin da ake gudu.

Shinkafar tana nan a ɗakin ajiya, na kasa dafawa. Makon jiya ina cikin mota na hango bawan Allahn nan a bakin titi yana jiran motar haya, takalminsa ya sha ɗinki har ya gaji. Na sunkuyar da kai kamar ɓarauniya. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba a rayuwata, na dawo gida na yi kuka.

Yanzu ya aiko cewa ranar Asabar zai zo da matarsa su duba jikina. Dabarar maigidana ita ce a kai kujeru da talabijin gidan maƙwabta, a shimfiɗa mini tabarma in kwanta ina nishi. Na ce ba zan yi ba. Ya ce to in shirya ganin an ci shi tarar da za ta rufe shagon, kuma ni na jawo. Tun ranar yake yawo da na'urar awon hawan jini yana nuna mini yadda jininsa ya hau. Anti, in kwanta in yaudari mutumin da ya raba abincin 'ya'yansa da nawa, ko in tona asirin uban 'ya'yana?

Daga Mara Lafiyar da Lafiyarta Ƙalau

*

Ƙanwata, sannu da jiki, ko da yake na ji an ce da sauƙi tun kafin ciwon ya zo.

Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba, amma da na kai wurin takalmin dattijon nan sai dariyar ta tsaya. Amsar tambayarki gajera ce: kada ki kwanta a tabarmar nan. Kuma ba sai kin tona asirin kowa ba, domin akwai hanya ta uku, ita ce maigidan ya je da ƙafarsa ya gyara abin da bakinsa ya ɓata, kafin Asabar.

Bari in fara yi masa adalci. Tsoronsa ba na banza ba ne. Takardun haraji suna rikita har masu digiri, kuma ƙaramin ɗan kasuwa yakan ji cewa in ya nuna yana numfashi za a yanka masa kuɗin iska. Mutumin da bai san ainihin ribarsa ba, duk abin da aka ce ya biya zai ga kamar fashi ne. Wannan ne ciwon maigidanki. Bai san nawa yake samu ba, shi ya sa yake jin tsoron lissafi, ya koma wasan kwaikwayo. Saboda haka kada ki tunkare shi da gori. Ki zaunar da shi bayan ya ci ya ƙoshi, ki nuna masa cinikin da ya tsere zuwa shagon maƙwabci. Ɗan kasuwa yakan ji wa'azi da kyau in an yi masa shi da lissafin asara.

Akwai kuma abin da ku duka biyu ba ku hango ba. Sa hannun dattijon nan ne a kan takardarku. Ranar da shugabanninsa suka bincika, suka ga mota da gida da bokitan fenti har rufi, ba wanda zai yarda tausayi ne ya sa ya rage muku. Cewa za a yi cin hanci ya karɓa. Ku dai kuɗin tara kawai za ku biya ku ci gaba da sayar da fenti, shi kuwa aikinsa da mutuncinsa ne za su tafi, a shekarun da ba a sake neman wani aikin.

Ga abin yi. Gobe ku nemi akanta mai lasisi, ku kai masa duk takardun yadda suke, har da wadda aka goge da dutse. Kuɗinsa bai kai na maganin hawan jini ba. Ya fitar da lissafin gaskiya, ya shigar da gyara, ya kuma tambaya ko za a bari ku biya kaɗan-kaɗan. A mafi yawan wurare, wanda ya kai kansa ya fi samun sassauci a kan wanda aka kamo. Daga nan ku raba kuɗin shago da na gida, kowanne da asusunsa, ke ma ɗinkinki da nasa. Rasit ya samu akwati ɗaya, a ɗauki hotonsa da waya ranar da aka karɓa. Duk wata a ware ɗan abin haraji a gefe, a manta da shi. Kayan shago su koma shago, yara su huta da shaƙar fenti.

Sai mai wuyar. Bayan an shigar da gyaran, ku je wurin dattijon ku biyu, cikin tufafinku na kullum, ku faɗa masa gaskiya ku ba shi haƙuri. Ku mayar masa da abin da ya kashe, daidai, ba ƙari, kuma a rubuce. Kada maigidan ya ce zai wanke laifi da babbar kyauta, domin a aikin mutumin nan kyauta daga hannunku wata masifar ce.

In ya ƙi zuwa fa? Ki gaya masa a fili cewa ranar Asabar a tsaye za a same ki, kina buɗe ƙofa. Ba barazana ba ce. Ke ba ki yi ƙaryar ba, kuma ba dole ki ɗauke ta a bayanki ba.

Ki shirya ranki, domin mai yiwuwa dattijon ba zai yi faɗa ba, cewa kawai zai yi ba komai ya sallame ku, kuma hakan zai fi zagi ciwo. Abin da nake ji muku tsoro shi ne gobe wani mai shagon da ya karye da gaske, mai mata a kwance da gaske, ya zo gaban teburinsa yana ba da labari, shi kuwa ya tuna da ku ya kawar da kai. Ku roƙe shi kada ya bari ku zama dalilin haka.

Allah Ya ba maigidanki ƙarfin halin taka wannan hanya, Ya sa wa kasuwarku albarka, Ya bar miki lafiyar bayanki.

Antinku