Jirgin da Ba Ya Hayaƙi

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya damina a Paki? Ƙafar Baba da sauƙi? A gaishe mini da matata Raudatu.

Ina lafiya, sai gajiya. Kamfaninmu na jiragen ƙasa masu dakon tama ya fara jingine injinan dizal, wai hayaƙinsu na ɗumama duniya. An kawo sababbi masu aiki da batir. Ni da kunne nake gane ciwon inji, waɗannan kuwa ko tari ba sa yi. An ce mu makanikai mu koma aji mu koyi gyaransu, da furfurata.

Kada Raudatu ta ji tukuna. Kullum addu'arki Allah ya raba ni da hayaƙin nan. Ya amsa, Inna. Yanzu ki roƙa ya bar mini aikin.

Ɗanki Zailani,
daga Ostareliya