Likitan da Za a Miƙa wa Ido Ɗaya

Taura, 3 ga Maris, 1997

Zuwa ga ɗana Zainulabidin,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Takardarka ta iso, maƙwabcina Isah ya karanta mini, domin yanar nan ta kusa rufe idon dama. Na hagu kuwa ka san mai allurar kasuwa ya kashe shi tuntuni.

Ka ce babbar nas ta asibitinku ta kira likitan da zai yi mini aiki "competent". Tun da na ji kalmar nan hankalina bai kwanta ba. A ƙamus, ma'anarta wanda ya iya aikinsa. Amma na daɗe ina duba makarantu, na san inda muke ajiye ta. Malamin da ba shi da laifi, ba shi kuma da abin yabo, shi muke rubuta wa ita. Gwani yana da kalmominsa daban.

Ka bincika mini. Ido ɗaya gare ni.

Baffanka,
Mika'ilu

Dutse, 9 ga Maris

Ranka ya daɗe Baffa,

Ina gaisuwa tare da ladabi. Na koma wurin Hajiya Mu'minatu, babbar nas ɗin, na karanta mata wasiƙarka. Ta yi dariya, ta ce, "Tsohon nan ya san Turancin ofis! Ka gaya masa mu a nan ba ma yabon likita, sai dai mu ga wanda hannunsa ba ya rawa." Ta ce likitan nan ne ya yi wa mahaifiyarta aikin, kuma yanzu da kanta take tsintar shinkafa.

Amma ba zan ɓoye maka ba, Baffa. Na tambaye ta ko ana samun wanda bai warke ba. Ta ce ana samu.

Sun ba mu Litinin, 17 ga wata. In aka wuce ta, sai bayan damina, kuma likitan ya ce idon ba zai jira ba.

Ɗanka mai biyayya,
Zainulabidin

Taura, 13 ga Maris

Ɗana,

Allah Ya yi maka albarka da ka faɗa mini duka biyun. Tsoron bai tafi ba, amma zan taho ranar Lahadi a motar safe.

Idan za ka tarye ni a tasha, ka zo da jaririyarku Najwa. Ban taɓa ganinta ba, kuma ina so in dube ta da rana, kafin a ɗaure mini fuska.

Wassalam.

Baffanka,
Mika'ilu