Allurar Hauwa Kafin Kwana Uku

Alhamis, bayan isha'i, Daura

An yi wa Hauwa allurar! Ƙafafuna ciwo suke, amma sai murmushi nake ni kaɗai.

Shekaranjiya ta haihu a ɗakin Inna can Zango, haihuwar fari. Tun wajen awo aka ce jininmu iri ɗaya ne ni da ƙanwar tawa, wanda kan saɓa da na jariri. Malamar asibiti ta ce lokacin naƙuda jinin ɗa kan shiga na uwa, garkuwar jikinta ta ɗauke shi abokin gaba, sai ta far wa cikin da zai biyo baya. Allura ce ke hanawa, amma sai an yi ta cikin kwana uku da haihuwa.

Da safe na iske Inna tana dafa ruwan wankan jego. Ta ce, "Maijego ba ta taka waje kafin suna, Binta. Me mutane za su ce?"

Na ce, "Abin da suka ce da ni, Inna. Uku na rasa, kina ji ana kirana mai wabi."

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai yau. Sai ta janye itace daga murhu. Da kanta ta ɗauki jaririyar, ta riga mu shiga mota.

Da aka soka allurar, Hauwa yamutsa fuska kawai ta yi, ni ce na fashe da kuka.

Allah ne mai rayawa, na sani. Amma in Ya yarda, sunan nan a kaina ya ƙare.